Mesa a Gindin Dam

Shafi na 19

Masu aiko saƙo wai Gwaggo Hure kin cika jan labari, an karanto min, na ji. Ku kuna ƙoshe kuna gaggawa. Mu da muka yi shekarun yunwar nan da cikinmu ba mu ga sun yi sauri ba. Ku gyara zama.

Mun tsaya inda ƙanena Sama'ilu, maigadin dam ɗin garinmu, ya shigo gari yana haki wai ya ga mesa a gindin jinga. Jinga ita ce tudun ƙasar da aka tare rafi da shi, ita ke riƙe da ruwan duka. Wai mesar ta kai kaurin turmi. Wai kada mace ko yaro ya sake zuwa ɗiban ruwa a wajen.

Gari ya ɗauka. Mata suka koma rijiyar masallaci suna faɗa a kan guga.

Ni dai ban yarda ba.

Sama'ilu ni na goya shi. Mutumin da ƙadangare zai faɗo masa a kafaɗa ya kira sunan innarmu, shi ne zai ga mesa mai kaurin turmi, ya kuma koma bukkarsa a kan jingar ya ci gaba da zama?

Washegari wajen azahar na ɗau tuluna. Lokacin ba ni da miji, ba mai tambayata ina za ni. Zawarci ma da ranarsa.

Marka ake yi. Ruwan da muka yi shekaru muna roƙo, da salla da sadaka da juya riga, da ya tashi zuwa sai ya zo gaba ɗaya kamar mai huce haushi. Gero ya yi shar, amma bai isa yanka ba. Cikinmu har lokacin tafasa ce da rama.

A gindin jinga akwai wani ɗan wuri da ruwa ke tsattsafowa tun da aka gina dam ɗin. Fari tas, da sanyi kamar na randa. Shi muke ɗiba na sha.

Na isa. Na duba ciyawa, na bubbuga sanda, har sallama na yi mata.

Ba mesa.

Abin da na tarar ya fi mesa.

Ruwan ya zama ja, sai ka ce kunun jar dawa. Da kamar yatsa yake fitowa. Ranar ya kai cinyata, yana ɓuɓɓugowa yana tafe da ƙasa, har ya tara tulin laka a bakin ramin.

Na juya na dubi ƙasa. Ga unguwar Gangare nan kwance, kamar ka tofa yawu ya faɗa tsakar gidan Luba. Luba 'yata ce, ita kaɗai ta rage min, da goyo a baya da wani a ƙafa. Gidanta ne na farko in ka sauka daga jinga. Hayaƙi ma na tashi, ta ɗora sanwa.

Na cika tuluna da jan ruwan na hau.

Na kai sama. Dam ya cika har baki, kana iya zama a kan jinga ka wanke ƙafa. Sandar awon nan mai jan fenti da ke tsakiyar ruwa, ko kanta ban gani ba.

Sama'ilu na zaune a ƙofar bukka da carbi a hannu, amma ba ja yake ba.

"Sannu da aiki, sarkin macizai."

Ya zabura.

"Yaya! Ta ina kika biyo?"

"Ta gidan mesar taka. Na yi sallama ba ta nan, an ce ta tafi ganin gida."

"Ba na ce kada kowa..."

"Ka ce mace ko yaro. Ni na wuce duka biyun. Miƙo moɗarka."

Bai miƙo ba. Na ɗauko da kaina, na tsiyaya masa, na ajiye a gabansa.

"Sha. Ka sha rana."

Babu wata rana, gari a lumshe yake.

"Yaya, don Allah."

"Ranar da aka ba ka hular gadi da usur, wa ya zo ya cika mana kunne? Ka ce masu ginin sun gaya maka in ruwan gindi fari ne, gumi jinga take yi, lafiyarta ƙalau. In ya yi ja fa? Ƙarasa min, na tsufa, na manta."

Ya sunkuyar da kai.

"Cikinta ne ke fita."

"Madalla, ashe kai ba ka manta ba. Tun yaushe?"

"An kwana biyu."

"Tun ranar da mesa ta zo."



"Na buɗe bututun noman rani har ƙarshe," in ji shi. "Bai daina zuba ba."

"Bututun da ke shayar da albasa? Da shi za ka kwashe wannan kogin? Bari in aro maka ludayi ku yi sauri."

"Na ba direban Tsanyawa saƙo ya kai birni. Ya dawo da shi. Ruwa ya cinye hanya, mota ba ta wucewa."

"Mutanen Gangare fa? Su ma ruwa ya cinye hanyarsu? Ga su can, da usur ɗinka ma sai su ji."

"In na gaya musu, da gatura za su hau. Katanga za su fasa."

"Yo da me za su fasa, kanka?"

Waɗanda suka shigo labarin nan a tsakiya, bari in maimaita muku katanga, kada ku dame ni da tambaya.

Dam ɗin nan ba abin banza ba ne. Kafin a gina shi, rafi da damina yake cinye gonakin Gangare, da rani kuma ka tona shi har ƙugu ba ka ga laima ba. Da aka tare shi muka huta da ambaliya, rijiyoyi suka daina ƙafewa, aka yi albasa da tumatir. Ko da fari ya zo, ɗan taɓon da ya rage a ciki shi ya riƙe mu da mu da shanun Fulani.

A gefensa na gabas masu ginin suka bar wata hanya mai faɗi, ta ɗan fi jinga ƙasa, suka shimfiɗe ta da duwatsu. Muna ce mata Kwararo. In ruwa ya yi yawa, ta nan zai fice ya zagaya ya faɗa tsohon rafi, ya bar jinga da Gangare lafiya. Ita ce numfashin dam ɗin. Haka aka gaya mana, muka ce to.

Sai aka yi shekara da shekaru ruwa ko kusa da Kwararo bai zo ba. Yaran da aka haifa lokacin sun zaci filin wasa ne.

Shekarar jar masara, wadda aka kawo mana ta agaji, ƙyanda ta shigo a kan yunwa. Yara suka dinga tafiya kullum. Maƙabartarmu marmara ce, ta bushe ta zama ƙarfe. Mazan da za su haƙa ba su ci ba, sai ka ga mutum ya ɗaga diga sau biyu ya zauna yana ganin jiri. Gona kuwa a nan ƙasarmu kowane taku da mai shi. Inda ya rage da ƙasa mai laushi, wadda ba ta kowa ba, sai bakin Kwararo, inda duwatsun suka ƙare.

Nan aka dinga kai su.

Ba wanda ya zauna ya shawarta. An kai ɗaya, gobe aka kai biyu, shi ke nan.

Sama'ilu 'yan matansa biyu suna can, Safiyatu da Mairo. Nababa maƙwabcinmu huɗu ya kai, duk abin da ya haifa.

Da aka fara samun yayyafi, sai aka ce ruwa fa zai iya dawowa wata rana ya bi ta kan yaran. Aka yi gayya, aka ɓamɓare duwatsun masu gini, aka kwaɓa ƙasa, aka toshe bakin Kwararo da katanga har ƙirjin mutum. Wa ya kawo shawarar? Maigadi da kansa. Shi ya ja layin ginin da ƙafarsa.

To kun ji. Mun toshe wa dam hanci, muna mamakin ya kumbura.

Na zauna a kan turmin da ke ƙofar bukka, don gwiwata ta gaji.

"Sama'ilu, abu guda nake so ka warware min. Tun bara Liman ya ce in ruwa zai ci kabari halal ne a ɗaga mamaci a sake masa wuri. Iyayen yara duk suka yarda, har an fara gyara diga. Mutum biyu suka ƙi. Nababa, wannan kowa ya san kansa ya taɓu, ba a kama shi da laifi. Na biyun kai ne."

"Ba na so a tone min 'ya'ya."

"Kowa ma ba ya so. Muntaka uku ya kai, ya ce a ɗaga. Kai da ka fi kowa sanin abin da katangar za ta jawo, kai ka tashi a masallaci kana rantsuwa sai dai a bi ta kanka. Me ke ƙarƙashin katangar nan?"

Wallahi faɗa kawai na yi. Ban san na taka wani abu ba.

Carbin ya faɗi daga hannunsa.

Na dube shi. Ya dube ni. 

"Wa ya gaya miki?"

"Kai, yanzun nan."

Ya rufe fuska da hularsa.

"Sama'ilu."

"Yaya, ki bar ni."

"Ban bar ka ba kana tsumma a bayana, yau zan bar ka? Mene ne a ciki?"

"Yaron nan ne."

"Wane yaro?"

"Yaronki."

Yarona. Mutum ɗaya Sama'ilu ke kira haka, don ba ya iya kama sunansa. Khalilu, ɗansa na fari. A ɗakina aka yaye shi, a ɗakina ya girma har ya yi gemu. Shekarar jar masara ya tafi ci-rani birni, unguwar Bacirawa, yana buga bulo, ya ce zai dawo da hatsi. Daga nan ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Wasu suka ce ya wuce Ikko, wasu suka ce an gan shi a Kurmi.

Akuyata guda ta tafi wurin wani malami a Shanono a kan kiranye. Ya ce in kwantar da hankalina, yaron yana kusa. Na zage shi a raina na ce macuci. Ashe bawan Allah gaskiya ya faɗa.

Ban yi kuka ba. Na ce, "Faɗa min."

Ya faɗa, yana kallon ruwa.

"Ranar da muka kai Mairo ne. Na dawo nan da azahar, na hango mutum kwance a gindin marken can. Na zaci baƙo ne. Da na juya shi... Yaya, a ƙafa ya taho. Ƙafafun duk sun fashe. Ya rame har ban gane shi ba sai da ya ce Baba."

"Ya yi magana?"

"Ya ce in ba shi ruwa. Na ba shi. Ya ce ga masara nan a buhu, a kai wa Inna. Ya tambayi su Mairo. Na ce suna lafiya."

"Sai me?"

"Shi ke nan. Ko moɗar bai ƙarasa ba."

Iska ta kaɗo ruwa ya bugi jinga, fal, fal.

"Uwarsa na kwance ba ta san wanda ke kanta ba. Biyu a mako guda. Na ce in na kai mata na uku, huɗu zan binne. Na kira Malam Iliyasu, Allah ya ji ƙansa, mu biyu muka yi masa wanka muka sallace shi. Likkafani ya ƙare a garin. A gwadonsa muka naɗe shi, wanda uwar ta ba shi. Ƙarfinmu bai kai mu yi zurfi ba. Na baje ƙasar don kada a ga kabari mai tsawo a cikin na yara."

"Masarar fa?"

"Na kai gida na ce ta agaji ce. Ita aka dinga dama mata har ta tashi."

Na tuna masarar. Ni na surfa ta. Har na ce wannan ta fi ta gwamnati tsabta.

"Na ce in ta warware zan gaya mata. Ta warware, na kasa. Malam Iliyasu ya rasu da maganar a cikinsa. Da iska ta fara kwashe ƙasar wurin, sai na ce a yi katanga. A kansa na ja layin, Yaya. Duk wanda ya sa diga a tsakiyar katangar nan, gwadon zai fara gani."

"Shekara uku ba ta tambaye ka ba?"

Ya girgiza kai.

Ina za ta tambaya? Ɗan fari ne. Safara'u matar Sama'ilu irin matan da ne. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kama sunansa ba, ba ta taɓa yi masa wasa a gaban mutane ba. In ana hirarsa sai ta tashi ta shiga ɗaki. Da ya ɓata, mu muke ta cigiya, ita ko uffan. Sai dai duk ranar kasuwar Tsanyawa ta ɗau farantin ƙuli ta je tasha ta zauna, tana kallon masu saukowa daga mota, har a watse. Ƙulin ma ba ta damu a saya ba.

Gida ɗaya, mutum biyu, kowa kunya ta ɗaure masa baki. Ko ƙarya ba wanda ya yi wa wani. Shiru ya yi musu aikin. Mu kuma muna yabonta, muna cewa kai Safara'u akwai kawaici.

Na miƙe.

"Na ji. Allah ya ji ƙansa. Kukana zan yi shi daga baya, in an bar ni da rai. Yanzu tashi ka ɗau diga."

"Ki ba ni zuwa yamma. Wataƙila ruwan ya ja."

"Dubi gabas."

Bai duba ba. Ya riga ya gani. Hadari ya haɗo baƙi ƙirin tun daga ƙasa, irin wanda ba ya wucewa.

"Sama'ilu, ka ɓoye gawa ɗaya don kada mace ɗaya ta yi kuka. Yanzu unguwa guda za ka haɗa masa su taya shi kwanciya? Luba na can. Jikokina na can. Jaririn ko haƙori bai yi ba."

"In ta ga gwadon nan mutuwa za ta yi."

"In jinga ta tafi, ita za ta wanke gawar Luba. Wannan kake ganin zai bar ta da rai?"

"Yaya, ki rufa min asiri."

"Asirinka na can gindin jinga yana fita ja wur. Ko ka ɗau diga, ko in gangara in taro maka Gangare. Ƙafata ba ta da sauri, amma bakina na da shi."

Ya kama bakin zanena. Namiji mai furfura.

Sai muka ji an ce, "Salamu alaikum."

Daga bayan bukka ta fito. Safara'u, da ƙwarya a kai, ta kawo masa abincin rana kamar kullum. Tun yaushe take tsaye, Allah ne ya sani. Bukkar ta kara ce, ko tari ka yi a gaba ana ji a baya.

Ta durƙusa.

"Yaya Hure, ina wuni. Ya ruwa?"

"Ruwa ya yi gyara," na ce. Bakina ne ya faɗa, ba ni ba.

Ta ajiye ƙwaryar a gaban mijinta, ta buɗe faifan. Dambun rama ne, ba mai.

"Malam, ka ci, zai huce."

Ta dubi moɗar jan ruwan. Ta daɗe tana kallonta. Sannan ta sunkuya ta shiga bukka. Muka ji tana motsa kaya. Ta fito da diga a hannun hagu, don ita bahaguwa ce.

Sama'ilu ya miƙe yana tangaɗi.

"Ina za ki da wannan?"

"Malam, buhun da ka kawo masarar nan a ciki."

"Wane buhu?"

"Gindinsa ya taɓa yagewa, aka ɗinke da baƙin zare. Ɗinkin hagu. Mata nawa ne bahagwai a garin nan?"

Ta ɗaga hannun da ke riƙe da digar.

"Ni na ɗinke shi. Ni na zuba masa gari da ƙuli a ciki ranar da zai tafi. Da na farfaɗo na gan shi rataye a ɗaki, ba mai shi."

"Kin sani?"

"Na sha kunun. Ina sha ina sani."

"Shekara uku, Safara'u! Ba ki ce komai ba!"

"In ce me? In ce ina wa?"

Sama'ilu ya zame ya zauna a ƙasa.

Na ce, "Tashar fa? Duk ranar kasuwa?"

Ta gyara ɗaurin zanenta.

"In ban je tasha ba ina zan zauna, Yaya? Gida shi ne a ciki da wannan fuskar. Kuma ban ga kabari ba. Wanda bai ga kabari ba yana iya kallon mota." Ta gyara riƙon digar. "Inda yake ne kawai ban sani ba. Yau na ji."

Ta juya ta kama hanyar Kwararo ta kan jinga.

Na bi ta. Sama'ilu ya biyo mu, ko takalmi bai sa ba.

Ƙasar jinga da take kamar daɓe, ranar lumewa take yi a ƙarƙashin ƙafa. A tsakiya na ga tsaga ta bi ta tsawo, har hannu zai shiga. Na tsallake. Iska ta taso mai sanyi. Can ƙasa na hango wata mace a Gangare tana kwashe shanya da gudu, ban sani ba ko Luba ce.

Nababa na zaune a kan katanga. Tun da marka ta kama can ya tare, ya kifa buhu a ka, gatari a kan cinya. Ruwan dam na lasar katangar ta baya, saura kaɗan ya taɓa masa riga. Ta gabansa kuma ga 'yan tudun nan a jere, ƙanana ƙanana, ya share su tas, ko tsinke babu.

"Ku rage murya," in ji shi. "Su Mati sun samu barci."

Safara'u ta tsaya a gabansa.

"Sannu, Nababa. Sauko."

Ya ga digar. Ya dube ni, ya dubi Sama'ilu.

"Maigadi, matarka ce wannan? Ka ce mata ta koma gida. Mata ba sa zuwa nan."

"Sauko, Nababa," ta sake cewa.

"Na rantse, kuma kowa ya ji ni. Duk wanda ya taɓa katangar nan sai na raba shi biyu. Ko Liman ne."

"Na ji ka rantse."

"Ruwa za ki sakar musu? Suna tsoron ruwa. Ƙaramin ko wanka ba ya so."

Ya kau da kai. Ni ma sai da na kau da kai, don na san yaron, kullum da kuka ake cuɗa shi.

"Nababa," in ji Safara'u a hankali, "waɗannan sun tafi inda ruwa ba ya kaiwa. Na Gangare suna nan inda yake kaiwa. In mun buɗe ta gefe, maza su zo su ɗaga wanda za su iya ɗagawa. In ba mu buɗe ba, da su da na Gangaren duk rafi ɗaya za su bi."

"Ke ba uwa ba ce? Naki biyu suna nan!"

"Uku."

"Biyu. Da hannuna na karɓe su na sa a rami. Safiyatu ga ta can, Mairo ga ta nan."

"Uku, Nababa."

Ta juya ta dubi mijinta, ido cikin ido, abin da ban taɓa ganin ta yi ba.

"Malam, ta ina kan Khalilu yake? Kada in sare shi."

Jama'a, tun ranar da aka raɗa wa yaron nan suna ban taɓa jin sa a bakinta ba. Har bai zauna mata daidai ba, ya fito a karkace kamar na baƙo.  Sama'ilu ya yi wani sauti da ba kuka ba, ba magana ba.

Ya ɗaga hannu. Ya nuna.

Daidai inda Nababa ke zaune.

Nababa ya dubi ƙarƙashinsa. Ya janye ƙafafunsa a hankali.

"Khalilu? Khalilun da ke Ikko? Wanda ke ɗaukar min Mati a wuya?"



Safara'u ta auna da ido daga kan zuwa ƙafa, ta ƙara taku biyu gaba don ta bar masa wuri. Ta tofa yawu a tafin hannu. Ɗigon farko ya faɗo min a goshi, mai nauyi kamar tsakuwa.

"Bismillahi."

Ta kai sara. Ƙasa ta ɓare, dutse ɗaya ya gangaro.

Nababa ya miƙe tsaye a kan katanga. Buhun ya zame daga kansa. Ya taho ta sama har ya tsaya a kanta, ya kama gatarin da hannu biyu.

"Safara'u!" na ce. "Safara'u, bayanki!"

Ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta sake ɗaga diga.

Shi ma ya ɗaga gatari, sama, har bayan ƙeya. Hawaye na zuba a gemunsa. Daga inda nake tsaye ba na iya gane ko kanta ya auna ko katangar.

Na rufe ido.

Na ji saukar gatari, ƙarar ƙarfe a kan dutsen katanga.